Yadda Ake Amsa Masu Taya Tsohuwar Motar da Ba ta Sayarwa Ba Ce

Duk wanda yake riƙe da tsohuwar mota mai lafiya a Birnin Kebbi, ko Jega, ko Argungu, ya san cewa da wuya ya yi wata guda yana fita da ita ba a sami wanda ya tare shi da maganar saye ba. Wadda nake riƙe da ita Fijo ce 504 fara, ta shekarar 1982, haɗin PAN, masana'antar haɗa Fijo da ke Kakuri a Kaduna. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya saye ta sabuwa fil da rancen mota lokacin da yake malamin gona a tsohuwar Jihar Sakkwato, shekara tara kafin a yanke Jihar Kebbi a 1991, shi ya sa har yau sunan Sakkwato ne a kan takardunta na farko. An tare ni a gidan mai, an tare ni a ƙofar masallacin Juma'a, an soke mini takarda mai lambar waya a gilashin gaba, an kuma aiko mini da dattijon da nake jin nauyinsa har gida. Ban sayar ba, amma na yi kurakuran da suka jawo mini ɓacin rai da zirga-zirga, kuma daga cikinsu na tsamo matakan da zan zayyana a nan.

Yana da kyau mai irin wannan mota ya san abin da ya sa ake bin sa. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, aka kuma ci gaba da haɗa ta a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Da yawa daga cikin motocin da suka shigo ƙasar Kabi sun ƙare rayuwarsu ne a haya, suna jigila tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, ko Kamba, ko Yawuri, har ƙasansu ya rube aka yanka su. Saboda haka wadda ta zauna a hannun gida ɗaya, da injinta na asali da kujerunta, ta zama abin nema. Haka lamarin yake ga Marsandi W123 da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, da a-kori-kura 404, da Volkswagen Beetle haɗin Legas. Abin da aka daina ƙerawa kullum raguwa yake yi, masu nemansa kuwa ba sa raguwa.

Mataki na farko: ka gama shawara da kanka tun kafin a tambaye ka

Da yawa daga cikin masu cewa motarsu ba ta sayarwa ba ce, abin da suke nufi shi ne ba su ji farashin da ya yi musu ba tukuna, kuma gogaggen dillali yana jin wannan bambanci a muryar mutum tun kafin ya rufe baki. Don haka ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka ko akwai adadin da in an ajiye maka za ka miƙa makulli. Ka sa nauyin riƙonta a lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, injin da ke aiki da kafireta ya zama abin da ake tunani kafin a tayar, inshorar dole ta ƙananan motoci ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023, kayan gyara na asali kuma sai an sa cigiya. Wanda ya duba ya ga ba zai iya ba, babu abin kunya idan ya sayar. Wannan jagora ta wanda ya duba ya ce zai riƙe ce.

Sannan ka tabbatar motar taka ce kai kaɗai. Idan ta gado ce kuma ba a raba ba, to ba ka da ikon sayarwa, ba ka kuma da ikon hanawa kai ɗaya, domin kowane magaji yana da haƙƙi a cikinta, kuma mai nema da ya ji ƙofarka a rufe zai zaga ta wajen ƙaninka ko mijin ƙanwarka. Mu a gidanmu an yi mata ƙima ranar rabo, ta faɗo cikin kasona, na cika wa 'yan'uwana mata abin da ya hau, aka rubuta a takarda, shaidu suka sa hannu, daga baya na je ofishin lasisin mota aka sauya sunan mai ita. Wannan takarda ita ce ta kashe bakin kowa lokacin da tayi ya fara zuwa ta bayan gida.

Mataki na biyu: kada ka amsa da harshen kasuwa

Nan ne mafi yawanmu muke zamewa, kuma nan na fi so mai karatu ya tsaya. Bahaushe yana da kalmomin ciniki da kowa ya san ma'anarsu: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a sake cewa albarka, har a kai inda zai ce ya sallama. Kalmar albarka a bakin mai kaya ba ta nufin kayan ba na sayarwa ba ne. Tana nufin tayin bai kai ba, a ƙaro.

Na koyi wannan ne a wani gidan mai a Jega, ranar da nake dawowa daga ɗaurin aure. Wani mutum mai farar shadda ya zagaya motar sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙofar baya da ɗan yatsa yana sauraren ko an cike ta da hoda, ya durƙusa ya leƙa ƙasanta, sannan ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya ce, "Alhaji, na taya wannan tsohuwa miliyan ɗaya da rabi." Ni kuwa cikin raha na ce, "Albarka." Da wannan kalma ɗaya na buɗe ƙofar da na yi mako uku ina neman rufewa. Ya samo lambata, ya riƙa kira yana ƙara dubu ɗari-ɗari, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ya shiga gaya wa mutane cewa muna cikin ciniki, har wani abokin mahaifina ya kira ni yana faɗa a kan zan rabu da motar marigayi ban ko sanar da shi ba. In an bi gaskiya mutumin bai yi ƙarya ba, domin ni na amsa masa da amsar mai sayarwa.

Kuskure na biyu ya fi wannan haɗari, wato yanka farashin da kake jin babu mai iya biya don ka kori mutum. Sai ka ji an ce, "In kana da miliyan goma kawo." To idan ya ce ya saya fa? A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na jihohinmu suke bi, ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yardar ɓangarorin biyu, kuma malamai sun yi bayanin mutumin da aka tambaye shi kuɗin kayansa ya faɗa, mai tambaya ya ce ya ɗauka, sannan ya dawo ya ce shi ba da nufin sayarwa ya faɗa ba: ana iya ɗora masa rantsuwa, in ya ƙi rantsewa cinikin ya hau kansa. Ko da maganar ba ta kai gaban alƙali ba, ka riga ka sa wa motarka farashi a bakin duniya, kuma duk mai zuwa bayan wannan daga nan zai fara lissafi. Magana zarar bunu ce.

Na uku shi ne amsoshin kunya, irin su "sai na yi shawara", "ba yanzu ba", "bari mu ga abin da Allah zai yi". Mu muna faɗinsu ne don kada mu kunyata mutum, shi kuwa mai nema yana ɗaukarsu a matsayin alkawari, ya dawo bayan sati biyu yana tambayar inda shawara ta kwana. Haka nan kada ka ba da dalilin da kuɗi zai iya warwarewa. Idan ka ce ba ka da wata motar hawa, gobe zai zo da Corolla ya ce a yi musaya. Idan ka ce gyaranta ya ci maka kuɗi da yawa, zai ce ya biya gyaran.

Amsar da na zauna a kanta gajera ce: "Na gode da ka yaba, Allah Ya ba ka wadda ta fi ta, amma wannan ba ta sayarwa ba ce." Idan ya sake tayawa, in maimaita ta da kalmominta, ba ƙari ba ragi, fuska a sake. Idan ya nemi dalili, in ce ta mahaifina ce, in tsaya nan, domin wannan dalili ne da ba a sayensa. Ba na ƙarya in ce ta wani ce ko an riga an saye ta, saboda garin ƙarami ne, ƙaryar za ta dawo mini. Kuma mutum ya cire wa kansa jin cewa ya yi rowa. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta ɗora halaccin ciniki a kan yardar juna, wanda bai yarda ya sayar da abinsa ba bai tauye haƙƙin kowa ba.

Mataki na uku: ka gane wanda ke gabanka

Amsar ɗaya ce ga kowa, amma yawan sakin jiki ya bambanta. Mai sha'awa na gaskiya yakan fara ne da labari: mahaifinsa ya yi irinta, da ita aka kai shi makarantar kwana, yana tambaya ko giyarta a sitiyari take ko a ƙasa. Irin wannan ka ba shi lokacinka, ka bar shi ya leƙa ciki, domin sau da yawa shi ne zai gaya maka inda ake samun fitilar baya ko robar gilashi ta asali. Dillali shi ba ruwansa da labari. Tambayarsa takardu, da ko an taɓa sauke injin, kuma yakan ce wani Alhaji ne daga Kano ko Abuja ya aiko shi, ba tare da ya faɗi sunansa ba. La'ada yake nema, sana'arsa ce, ba laifi ba ne, amma ka sani duk kalmar da ka furta jari ce a wurinsa. Akwai kuma masu kayan gyara da 'yan gwangwan, waɗanda suke fara magana da kushe, su ce ai wannan ta gama yayi, mai kawai take sha, gara ka karɓi abin da ya samu. Waɗannan injin da giya da ƙarfe suke hange, kuma ba su cancanci doguwar muhawara ba.

Wanda ya fi bukatar lura shi ne wanda tambayoyinsa suka fi karkata gare ka fiye da motar: a wace unguwa kake, ina take kwana, kai kaɗai kake tuƙa ta, yaushe kake zuwa gona. A halin tsaron da yankinmu yake ciki, daga Zamfara har kudancin Kebbi, inda kowa ya san ɓarnar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suke yi, bai kamata a amsa wa baƙo irin waɗannan tambayoyi ba, ko da da murmushi ya yi su. Ba ina cewa a zargi kowa ba ne. Ina cewa tsohuwar mota mai ƙyalli tana sa a ɗauka mai ita yana da abin hannu, ko da kuwa albashi yake jira.

Mataki na huɗu: abubuwan da ba a bayarwa

Kada ka ba da makulli don a ɗana. Motar da ba ta sayarwa ba ce ba ta da gwaji, kuma makullan motocin wancan zamani ba su da wata na'urar tsaro a jikinsu, mai yankan makulli zai fitar da irinsu cikin ɗan lokaci. Kada ka bari a ɗauki hoton takardunta, wato shaidar mallaka da lasisi da inshora, kada kuma ka buɗe gaba a ɗauki hoton lambar injin ko lambar jikinta. Da waɗannan hotuna ɗan damfara zai iya tallata motarka a Facebook ko WhatsApp a matsayin tasa, ya karɓi kafin alƙalami a hannun mutane, ranar da asiri ya tonu kuwa ƙofar gidanka za a zo, tunda lambar motarka ce a hoton. Hoton jikin mota daga waje ba a iya hana shi a kan titi, amma idan an nemi izini nakan roƙa a kauce wa lambar. Takardun asali suna gida a cikin akwati, kwafi nake yawo da shi tare da abin da jami'an hanya suke bukatar gani.

Kada ka yi wa baƙo kwatancen gida. Idan ka ga mutumin kirki ne kuma kana son ku ci gaba da zumunci, kai ka karɓi lambarsa. Takardar da aka soke a gilashi kuwa ba ta wajabta maka kira ba, domin kiran da za ka yi don ka ce ba ka sayarwa shi ne zai ba shi lambarka. Sannan ka gaya wa mutanen gida, musamman yara da mai gadi da matasan da ke zama a dakalin ƙofa, cewa duk wanda ya zo tambayar mota a ce masa ba ta sayarwa ba ce, kada a buɗe masa gareji, kada a ce "sai Baba ya dawo", domin wannan ma gayyata ce.

Mataki na biyar: ka yi magana da bakanikenka

Wannan mataki gajere ne amma kada a tsallake shi. Yawancin tayin da ke zuwa daga gareji yake tasowa, saboda a can motar take kwana a buɗe, a can masu nema suke zagayawa. Na taɓa kai tawa gyaran birki wurin wani bakanike, aikin yini ɗaya ya koma kwana tara, kullum da sabon uzuri, ashe mutane yake kawowa suna dubawa, har ya yanka musu farashi da la'adarsa a ciki. Tun daga ranar na sauya wuri, kuma na kafa wa sabon sharuɗɗa tun ranar farko: ba ta sayarwa ba ce, ba a nuna ta, ba a fita da ita sai gwajin gyara, duk abin da aka cire a jikinta a ajiye mini tsohon. Sharaɗin ƙarshe yana da dalili, domin wanda ya kasa sayen mota gaba ɗaya yakan koma sayenta gunduwa-gunduwa, a cire kafireta ta asali a sa maka wata, ba za ka gane ba sai tafiya ta yi nisa. Idan gyaran ba mai yawa ba ne, ka zauna a yi a gabanka.

Mataki na shida: idan kuɗi suka riga amsa zuwa

Wata dabara ita ce a aiko da kuɗi tun ba ka yarda ba, a ce kafin alƙalami ne, ko a ce ka riƙe kawai har ka gama tunani. Kada su kwana a hannunka. Karɓar kafin alƙalami a al'adarmu alama ce ta cewa ciniki ya faɗa, kuma idan sun yi mako a wurinka, kai da kanka za ka fara jin nauyin mayarwa, balle idan wata lalura ta sa ka taɓa su. Ka mayar a ranar, ta hannun wanda ya kawo, a gaban mutum biyu, ka ƙirga su a gabansu.

Idan ta banki aka ce an turo, kada ka dogara da saƙon da ya shigo waya, domin ana ƙirƙirar na bogi. Ka duba asusunka da kanka, ko ka je reshen bankin. Idan babu kuɗin, ka ajiye saƙon a matsayin shaida, ka daina amsa kiran. Idan kuwa sun shigo da gaske, kada ka kashe ko sisi, kada kuma ka yarda a ce ka mayar ta wani asusu dabam ko ka ba wani a hannu, domin ta haka ake wanke kuɗin sata ta asusun mutumin da bai ji ba bai gani ba. Ka rubuta wa bankin takarda cewa kuɗi sun shigo ba da yardarka ba, ka nemi a mayar da su inda suka fito, ka riƙe kwafin takardar da hatiminsu.

Mataki na bakwai: idan mai nema babba ne, ko na gida

Duk abin da na faɗa a baya mai sauƙi ne idan baƙo ne a gidan mai. Wahalar tana zuwa ne idan mai son motar basarake ne, ko mai riƙe da muƙami, ko suruki, ko maigidanka a wurin aiki. A tarbiyyarmu idan babba ya yaba abinka sau biyu, ana sa ran ka ce "ai naka ne, ranka ya daɗe", kuma akwai waɗanda suka rabu da motocinsu a kan wannan kalma ta ladabi, suka koma gida suna cizon yatsa. Kada ka furta ta idan ba ka nufe ta ba.

Abin da na ga yana aiki shi ne kada ka bar amsar a bakin ɗan aike, domin ɗan aike yakan rage ko ya ƙara, wani lokaci ma shi ne mai son cinikin ya faɗa saboda abin da zai samu. Ka shirya ka je da kanka, ka ɗauki wani dattijo na gidanku, kawu ko baffa, wanda zai yi maka bakin magana. Lokacin da abin ya same ni, kawuna ne ya raka ni. Bayan an gaisa ya ce, "Ranka shi daɗe, yaronka ne ya ji saƙo, ya ce bai iya aiko da amsa ba sai ya zo da ƙafarsa. Motar nan ita ce abin da ya rage mai na mahaifinsa, kuma mun yi magana a gida cewa ba za ta fita ba. Mun zo neman afuwa." Ni ban ce komai ba sai godiya. Mai gidan ya yi shiru kaɗan, ya yi wa marigayi addu'a, ya ce Allah Ya sa albarka, aka shiga wata hira. Zuwan da aka yi shi ne girmamawar, kuma samun girmamawar ya sa rashin motar bai zama raini ba. Idan kana da hali, ka ƙara da tayin taimako na gaskiya, ka ce idan ka ji labarin irinta mai kyau za ka sanar, sannan ka cika idan ka ji.

'Yan'uwa kuwa ta wata fuska suke zuwa. Ba su cika cewa a sayar musu ba, sai dai su ce ga kuɗin makarantar yara, ga rufin ɗakin Inna yana yoyo, kai kuma ka ajiye dukiya tana shan rana. Wannan magana tana da nauyi, kuma bai kamata a amsa ta da fushi ba. Idan lalurar ta gaske ce kuma babu wata hanya, to koma mataki na farko ka sake shawara da zuciya ɗaya, domin ƙarfe bai fi mutum ba. Idan kuwa akwai wata hanya, ka ɗauki naka kason na lalurar a fili, ka biya, sannan ka ce maganar mota a bar ta. Wanda ya sauke nauyinsa yana da bakin cewa a'a.

Mataki na takwas: mai naci

Wanda aka gaya wa sau uku bai ji ba, a daina yi masa bayani. Ka tura masa saƙo ɗaya a rubuce cewa motar ba ta sayarwa ba ce kuma kana roƙo ya daina tuntuɓarka a kanta, ka ajiye saƙon, ka rufe lambarsa. Idan ya fara zuwa gida ko aiko mutane, ka sanar da mai unguwa, domin sau da yawa kiran mai unguwa kaɗai ya isa. Idan abin ya kai ga barazana, ko ka ga ana bin ka, ko ka ga hoton motarka ana tallarta, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda da shaidunka, ka kuma sauya wurin kwananta na ɗan lokaci. A irin wannan hali yana da amfani a sa mata makullin sitiyari, a kuma sa bakanike amintacce ya ɓoye wani maɓalli da ke yanke wuta, ko a riƙa cire kan batir da dare.

Mataki na ƙarshe: ka shirya wa ranar da ba ka nan

Ina da ɗan littafi a cikin akwatin takardun motar, inda nake rubuta sunan duk mai sha'awa na gaskiya da lambarsa da ranar da muka haɗu, ba tare da na yi wa kowa alkawarin cewa shi ne na farko ba, tunda alkawari kaya ne. Amfaninsa biyu ne. Idan wata rana hali ya sauya, ni zan zaɓi wanda zan kira, a lokacin da na ga dama, bayan na tambayi masana ƙimarta, maimakon in sayar wa wanda ya same ni a ranar matsi. Na biyu kuma saboda iyali ne. Na ga gidan da dillalai suka fara zagayen motar mamaci tun ba a share makoki ba, matarsa tana cikin takaba, 'ya'yan ba su san ƙimarta ba, aka ɗauke ta a kuɗin da bai kai na injinta ba.

Don haka ka zaunar da iyalinka ka gaya musu abin da motar take da shi na asali, da inda takardu suke, da mutum biyu da za a tambaya kafin a saurari kowane tayi, ka kuma tuna musu cewa ba a sayar da kayan gado kafin a biya bashi a yi rabo, musamman idan akwai marayu ƙanana. Idan burinka wani ɗa ne takamaimai ya riƙe ta, ka sani wasiyya ba ta zuwa ga magaji sai da yardar sauran magada, kyauta kuma a Malikiyya tana bukatar wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa, sannan akwai maganar adalci tsakanin 'ya'ya. Wannan mas'ala ce da za ka kai wa malami ko alƙali tun yanzu, a rubuta abin da aka tsayar, shaidu su sa hannu, a haɗa takardar da shaidar mallaka da ɗan littafin lambobin a cikin akwati ɗaya, ka nuna wa uwargida inda makullinsa yake.